Yadda na yi ƙoƙarin sayar da wutar cif a gwanjo

Tambayar da na fara digirin digirgir da ita a wata jami'a ta Ingila ta injiniya ce zalla, kuma ban taɓa zaton za ta kai ni sashen tattalin arziki ba, balle ofishin masu saka farashi. Manyan kwamfutocin da kamfanoni ke ba da hayarsu ta intanet suna ɗauke da cif, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai cibiyoyin sarrafa aiki da dama a cikinsa, kuma sau da yawa masu haya daban-daban ne ke aiki a kan cif guda ba tare da sun san juna ba, tamkar 'yan haya a gida ɗaya. Wutar da cif zai iya sha kafin zafi ya yi masa illa tana da iyaka, saboda haka ba zai yiwu kowace cibiya ta yi gudu iyakar ƙarfinta a lokaci guda ba. Aikina shi ne in samo hanyar da za a raba wutar nan a tsakaninsu.

Matsalar tana da asali. A 1974 Robert Dennard da abokan aikinsa a IBM sun nuna cewa idan aka ƙanƙanta taransista, wato ɗan makunnin lantarkin da ake gina cif da tarin irinsa, ana iya rage matsin lantarkin da take buƙata daidai gwargwado, ta yadda zafin da kowane ɗan fili na cif ke fitarwa ba zai ƙaru ba. An ci moriyar wannan kusan shekara 30, har zuwa wajen 2005, lokacin da rage matsin ya gagara saboda lantarki ya fara yoyo ta cikin taransistocin ko da suna kashe. Daga nan ne masu ƙera cif suka sassauta tseren sauri, suka koma ƙara yawan cibiyoyi, wuta kuma ta zama abin da ake yi wa tattali.

Shekarar farko gaba ɗaya na yi ta ne wajen gina samfurin lissafi na cif ɗin, ina amfani da manhajar kwaikwayo ta gem5 domin sanin saurin aiki, da McPAT domin ƙiyasta wuta. Ƙa'idar tana da sauƙi a takarda: wutar da aiki ke ci tana bin saurin bugun cif da kuma matsin lantarki sau kansa, ta yadda idan aka rage matsin da kashi 10 cikin 100, wutar za ta ragu da kashi 19. Samfurin ya ba ni layuka masu tsari, na kuma gamsu da su, har sai da na sami damar aunawa a kan na'ura ta gaske. Na gudanar da aiki iri ɗaya da safe, na sake shi bayan la'asar, sai ma'aunin wuta na RAPL da ke cikin cif ɗin ya nuna mini adadi biyu mabambanta. Na yi kwana uku ina laluben kuskure a cikin manhajata. A rana ta huɗu ne na gangara ɗakin na'urorin, na ɗora tafin hannuna a bayan akwatin da ke saman kanta, sannan na ɗora a kan na ƙasa, na ji na sama ya fi ɗumi. Zafi yana ƙara yoyon lantarki, yoyon kuma yana ƙara zafi, samfurina kuwa ya ɗauka ɗakin ba ya canzawa. Bayan haka na gano cewa cif biyu masu lamba ɗaya, daga kamfani ɗaya, ba sa shan wuta daidai, domin ba a iya ƙera biliyoyin taransista su fito sak da juna. Duk injiniyan da ya daɗe a fagen ya san haka, amma ni sai da gani ya kori ji.

Da na gyara samfurin, sai wata matsala ta daban ta taso. Kafin a raba wuta yadda ya dace, sai an san wanda ƙarin wat ɗaya, wato awon ƙarfin wuta, zai fi amfana, wannan kuwa mai hayan ne kaɗai ya sani, kuma idan aka tambaye shi, kowa zai ce aikinsa ne ya fi gaggawa. Malamin da ke duba aikina ya ce wannan ya fita daga fannin lantarki, ya tura ni darasin masana tattalin arziki a kan tsara gwanjo. A wajenmu idan aka ce gwanjo, tufafin da aka riga aka saka ne ke fara zuwa zuciya, amma a can fanni ne mai zurfin lissafi, wanda ya ba William Vickrey kyautar Nobel a 1996, ya ba Hurwicz da Maskin da Myerson a 2007, sannan Milgrom da Wilson a 2020.

Abin da Vickrey ya nuna a 1961 ya burge ni, har yanzu ma yana burge ni. Kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, wanda ya fi tayi ya ɗauki kaya, amma ya biya tayin wanda ke bi masa. A ce kaya sun kai naira dubu 10 a wurina, babban abokin takarata kuma ya taya dubu 7. Ko na rubuta dubu 10 ko dubu 8, dubu 7 zan biya, idan kuma na rage zuwa dubu 6 na rasa cinikin da zan ci riba a kai. Tunda tayina ba ya shafar abin da zan biya, faɗin gaskiya ne ya fi mini. Edward Clarke a 1971 da Theodore Groves a 1973 sun faɗaɗa wannan zuwa kaya masu yawa, inda kowa ke biyan asarar da kasancewarsa ta jawo wa sauran. Na ɗauki tsarin nan na ɗora a kan samfurina, cif yana karɓar tayi yana raba wuta sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma a manhajar kwaikwayo komai ya tafi lami lafiya.

Wani ɗalibi ɗan'uwana ne, wanda na roƙa ya zama mai haya marar gaskiya, ya rusa ginin cikin mako biyu. Hujjar Vickrey da magadansa tana tsayawa ne idan rabon da aka yi shi ne mafi kyau ba tare da kuskure ba, ni kuwa saboda ƙarancin lokaci ƙiyasi nake yi, a kan samfurin da shi kansa ƙiyasi ne. Noam Nisan da Amir Ronen sun riga sun nuna tun 2000 cewa da zarar an maye gurbin cikakken lissafi da ƙiyasi, tabbacin gaskiyar yana iya zubewa. Na karanta takardar tasu tun da wuri, amma na ɗauke ta a matsayin damuwar masu lissafi. Abokin nawa ya kuma raba kansa gida biyu, yana tayi da suna biyu domin ya rage abin da zai biya, wanda sanannen rauni ne na tsarin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dabararsa ta uku: sai ya gudanar da aikin banza mai zafafa cibiyarsa, zafin ya ratsa zuwa ta maƙwabcinsa, yoyonta ya ƙaru, wat ɗin da maƙwabcin ya saya ya daina ba shi saurin da ya biya dominsa.

A nan na fahimci inda na yi sake. Masanin gwanjo yana farawa ne da ɗaukar cewa an san abin da ake sayarwa, injiniya kuma ya san wat ɗaya a cif mai sanyi ba daidai yake da wat ɗaya a cif mai zafi ba, sai ni da na san duka biyun na kasa haɗa su a kaina. Tarihi ma yana da misali daga gida. A Janairun 2001 an yi gwanjon lasisin GSM a Abuja, farashi yana hawa zagaye bayan zagaye har ya tsaya a dala miliyan 285, amma ɗaya daga cikin kamfanoni ukun da suka yi nasara ya rasa lasisinsa bayan taƙaddama a kan zangon sadarwar da aka ware masa da kuma wa'adin biya. Gwanjon ya gano farashi, sai dai bai iya warware shakkar da ke kan kayan ba.

A shekara ta uku na yi wata uku a wani kamfani mai ba da hayar kwamfutoci, inda na gabatar da tsarin da na gyara ga shugabar sashen farashi. Ta saurare ni har na kammala, ta juya takardun zuwa shafin ƙarshe, sannan ta tambaye ni abin da za ta gaya wa abokin ciniki idan ya nemi sanin kuɗin da zai biya a wata mai zuwa. Na ce ya danganta da tayin maƙwabtansa. Ta ce babu ma'ajin kamfanin da zai sa hannu a kan haka, kuma babu abokin cinikinta ko ɗaya da ya san darajar wat ɗaya a wurinsa, balle ya ɓoye ta. Da farko na ɗauka tsoron sabon abu ne, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima, kuma shaidu suna bayanta. Amazon ya buɗe kasuwar tayi ta rarar kwamfutocinsa a 2009, sai a ƙarshen 2017 ya sauya ta zuwa farashin da ke motsawa a hankali ba tare da dole sai an yi tayi ba. New Zealand ta gwada tsarin Vickrey a 1990 wajen sayar da zangon sadarwa, wani ya taya dalarsu 100,000 ya biya dala 6, lissafin bai yi kuskure ba amma jama'a suka ga an yi musu asara.

Ita ce kuma ta sa na fara kallon cif a matsayin shawarar kasuwanci. Ana yanko su daga faranti ɗaya na silikon, a gwada su, a ware masu sauri a sayar da tsada, masu rauni a rage musu farashi, wani lokaci ma a kashe wani sashe da gangan, kamar yadda Intel ya fitar da 486SX a 1991 da wani sashe na lissafinsa a kashe domin masu ƙaramin ƙarfi. Bambancin da ni nake ɗauka a matsayin aibin samfuri, hanyar raba kasuwa ce a wurin kamfanonin. Gwanjona kuwa zai ci kasuwar babban ƙunshin haya mai tsada na masu ba da hayar, ya kuma nuna wa abokan hamayya lokutan da suke cikin ƙarancin wuta. Ko a ƙarancin cif da ya fara a 2020, lokacin da kamfanonin mota suka soke odarsu a farkon annoba suka dawo suka tarar layi ya cika, galibin rabon ya bi yarjejeniyoyi masu dogon wa'adi ne da daɗaɗɗiyar hulɗa.

Tsarin da na kare a gaban masu jarrabawa ya fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kowane mai haya yana sayen saurin da aka lamunce masa a kan tsayayyen farashi, tare da ratar da samfurin ya ware saboda zafi da bambancin cif, sai abin da ya rage kaɗai ake sakawa a gwanjo sau ɗaya a awa, ga waɗanda suka zaɓi shiga. Abin da ake sayarwa ya zama aikin da aka kammala maimakon wat, don haka haɗarin zafin maƙwabci ya koma kan kamfani, wanda shi ne ke da ma'aunin zafin kuma ke da ikon sauya wa mai haya wuri. Rubuta shi ya fi gina shi wahala, domin kalmar inganci kaɗai tana nufin aiki a kan kowane wat a wurin injiniya, tana nufin kaya ya je hannun wanda ya fi daraja shi a wurin masanin tattalin arziki, tana kuma nufin riba a wurin ɗan kasuwa. Sau biyu aka dawo mini da takarda ɗaya, wani mai bita yana cewa lissafin gwanjon tsohon yayi ne, wani yana cewa samfurin cif ɗin ne bai da sabon abu, sai da na rubuta babi guda na fayyace abin da kowane fanni ya ɗauka a matsayin tabbas.

Akwai ɓangaren da har yanzu nake aiki a kansa. Taransista tana tsufa, zafi da matsin lantarki suna rage mata sauri sannu a hankali, wanda ke nufin mai hayan da ya tsananta wa cibiya yau yana rage darajar abin da za a sayar wa wani bayan shekara uku. Na'urori biyun nan na saman kanta da na ƙasa suna nan suna aiki, kuma duk ranar Litinin ana aiko mini da ma'auninsu.