Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙasar Firgi

A makon jiya na tsaya a inda na dawo gida daga Suwansi ta ƙasar Birtaniya da digirin dakta, na koma aji ina koyar da ɗalibai lissafin ƙarfin gini. Ban fi wata shida da dawowa ba wani abokin karatuna da ke aiki a Maiduguri ya aiko mini da saƙo. Azuzuwa uku na wata makarantar firamare, a wani ƙauye da ke gabas da Dikwa, sun tsattsage tun ba su cika shekara biyu ba. Mutanen gari sun ce ɗan kwangila ya ci siminti, shi kuwa ya rantse bai rage ko buhu ɗaya ba. Ana neman wanda zai raba gardama.

Bari in ɗan bayyana abin da na karanto, don masu tambayata. Bango ko gada ba sa lissafuwa a dunƙule. Sai a yayyanka hotonsu a kwamfuta zuwa dubban gutsattsari masu kusurwa uku ko huɗu, kowanne riƙe da maƙwabcinsa kamar saƙar tabarma. A lissafa yadda kowane gutsure ke miƙewa ko matsewa idan nauyi ya hau shi, sannan a haɗa su, sai a ga inda ginin zai fara gazawa. Daga masu ƙera fikafikan jiragen sama na Boeing dabarar ta taso a shekarun 1950, wani masani ɗan Amurka, Ray Clough, ya raɗa mata sunan Turanci "finite element method" a 1960, Farfesa Zienkiewicz kuma ya mai da Suwansi cibiyarta. Abin da ya kai ni can ke nan.

Na karɓi zanen ginin da sakamakon gwajin bulo da kankare, na kwana uku ina shigar da su cikin manhajar da na rubuta da yaren kwamfuta na Fortran. Idan wuta ta ɗauke sai in sake daga farko. Amsa ta fito sarai: rufin kwano ne, bangon ba ya ɗauke da wani nauyi, babu dalilin tsagewa. Na sake yanka gutsattsarin ƙanana, amsar ba ta canja ba. Hankalina ya tashi, domin ga hotunan tsaga a gabana, kowace ta taso daga kusurwar taga ta yi ƙasa a karkace.

Sai na hau mota na tafi. Watan Maris ne, ƙasar nan baƙa da mutanen Borno ke kira firgi ta dare ko'ina, har hannuna yana shiga cikin tsagarta. Ina ɗora awo a jikin bango wani dattijo mai noman masakwa, wato dawar rani, ya zo ya tsuguna a inuwa yana kallona. Da na gama sai na je na gaishe shi.

"Injiniya, bangon kake aunawa?"

"Shi ne, Baba."

"Ai ba shi da laifi, ɗana. Ƙasar ce ke numfashi. Da damina ta kumbura ta ɗaga shi, da rani ta sauke shi. Ka dawo bayan ruwa ya zauna, za ka tarar bakin tsagar nan ya rufe."

Ya kama hannuna ya zaga da ni bayan ajin, ya nuna mini darbejiya biyu da aka dasa dab da bango don yara su sami inuwa. A wannan ɓangaren tsagar ta fi faɗi, domin saiwoyin sun tsotse damshin da ke ƙarƙashin tushen ginin.

A nan na gane inda na kauce. A lissafina na ɗora ginin a kan ƙasa mai zama wuri ɗaya rani da damina, irin jar ƙasar Zariya da na saba da ita. Firgi kuwa cike take da wani nau'in yumɓu mai shan ruwa ya kumbura, kuma ƙaramin gini ya fi shan wahalarta, don ba shi da nauyin da zai danne ta. Gefen gini yana hawa yana sauka, tsakiyar da daɓe ya rufe tana riƙe da damshinta, bangon bulo kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Na karanta wannan a littafi, har na san cewa a 1990 wasu masana a Barselona ta ƙasar Sifaniya sun fitar da lissafin ƙasar da ba ta ƙoshi da ruwa ba. Amma sai a ranar abin ya shige ni, kuma har yau ina jin nauyin cewa saura kaɗan in rubuta rahoton da zai bar ɗan kwangilar da tabon sata.

Na roƙi mai gari ya ba ni matasa huɗu, muka haƙa rami a gefen ajin, ina ɗibar ƙasa duk bayan rabin mita ina ɗaurewa a leda don kada damshinta ya fita. Buhu shida na dawo da su a bayan mota, su ne suka ci mini shekaru goma na bincike. Yadda na nemo kuɗin sayen na'urar gwada kumburin ƙasar, da abin da na tarar da na koma ƙauyen a watan Agusta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.