Saura mako guda

Laraba. Sanyi har cikin ƙashi, na kuma makara aji.

Shekara biyu ke nan ina wuce Teatr Nowy a titin Dąbrowskiego a nan Poznań ta ƙasar Poland, ban taɓa kula da sunan da aka raɗa wa gidan wasan ba: Tadeusz Łomnicki. Da yamma muna shan shayi na tambayi Pani, wato uwargida da yarensu, ko wane ne. Ashe na sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi.

Ta ajiye cokali. Ta ce ɗan wasan kwaikwayo ne, kuma a nan Poznań, a cikin gidan wasan nan, ya yanke jiki ya faɗi ranar 22 ga Fabrairun 1992, ana tsakiyar gwajin wasan Sarki Lear na Shakespeare. Zuciya ce. Saura mako guda a nuna wa jama'a.

Sai Pan, wato maigida, ya leƙo ta bayan jarida, wai wa ya isa ya manta da shi a fim ɗin Pan Wołodyjowski na 1969, ɗan gajeren jarumin nan mai takobi? Ga gidan wasan Teatr na Woli da ya kafa a Warsaw a 1976, ga shekarun da ya yi yana shugabantar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta can. Pani ta ja tsaki, ta ce kada ka manta ka gaya wa yaron nan ya zauna a kwamitin tsakiya na jam'iyyar kwaminisanci. Pan ya ce ai ya mayar musu da katinsu da aka kafa dokar soja a Disambar 1981.

"Bayan ya gama cin moriyar ganga," in ji ta. To, da yarensu ta faɗa, ni na mayar da shi namu.

Suna ta ja-in-ja, shayina ya huce. Ni lissafi nake yi a zuci. An haife shi 1927. Shekara 64 ke nan. Shekarun Baba cif.

Baban da likita ya ce ya rage zirga-zirga saboda hawan jini, amma Yaya ta ce har yanzu shi ke buɗe shago da sassafe, shi ke kulle shi.

Na shige ɗaki na kira. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Karo na uku Inna ta ɗaga, ta ce ya manta wayar a kan tabarma, bai dawo daga kasuwa ba tukuna.

Shinkafa ta kama. Wanki sai gobe.