Sati huɗu ina taka keken Umma

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗinki, ya ibada, ya zaman gida. Yau azumi 20, nace bari in zo in faɗa muku inda na kai tunda nayi alƙawari.

Tun daren 16 ga Afrilun 2020 da aka rufe Kano saboda cutar korona muke gida ni da maigida da yara uku, makaranta dama an rufe tun watan Maris, shi kuma shagonsa na Kantin Kwari babu zuwa, to a sati na farko ne na jawo keken Butterfly ɗin da Umma ta bani lokacin aurena wanda shekara tara yana lungu an ɗora masa akwati. Bel ɗinsa ya saki, ƙura ta cika wajen bobin, na samu tsohon buroshi na share na ɗiga masa man keke duk inda naga rami.

Kwana uku na farko ban sa zare ba sam. Umma ce ta hana. Tace in ja layi a takarda in dinga bi da allura kawai har ƙafata ta saba, saboda keken taki idan ƙafarki bata daidaita ba juyawa yake baya, yana juyawa baya kuma zare ya tsinke. Ki fara juya wilin da hannu ya nufo ki sannan ƙafa ta karɓa. Wallahi duk wacce ke farawa kar ta tsallake wannan, littattafan yara da suka cika duk na huda su tas, amma yanzu ko hira nake ƙafata bata ruɗewa.

Inda na sha wahala shine zaren ƙasa. Ina ɗinki sama lafiya lau, in juya ƙyallen inga zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, na cire bobin na mayar yafi sau goma, har na zauna nayi shiru abin ya isheni. Na kira Umma, tana can cikin gari mu muna Hotoro, rabona da ganinta tun kafin a rufe gari. Tace ɗora wayar a kan keken ki taka inji. Na taka. Tayi shiru tana saurare sai tace "ba bobin bane 'yar nan, zaren sama ne bai shiga ba, ɗaga ƙafar keken ki zare shi gaba ɗaya ki sake sawa." Haka kuwa akayi. Ashe idan ƙafar tana ƙasa farantan nan biyu masu matse zare a rufe suke, zaren baya shiga tsakaninsu sai ya bi ta gefe, shi yasa yake zubewa ta ƙasa. Na sake sawa ɗinki ya fito sumul. Ina ajiye wayar hawaye ya zubo min, don kwanakin nan kullum sai kaji rasuwar wani dattijo a garin nan, ita kuma ga hawan jini, muryarta dana ji tana min faɗan zare kamar ina gabanta ba ƙaramin sanyi naji ba. Tun ranar kullum bayan la'asar sai na kirata ko babu matsala, in taka taji.

Wani abu kuma, allura. Irin keken nan gefen allura mai faɗi dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu. Nasa ta a juye sau ɗaya ɗinki ya dinga tsalle. Lamba 14 nake amfani da ita a atamfa, idan ninki yayi kauri in koma 16.

Abinda nake ɗinkawa dai takunkumin fuska ne, shi ake buƙata. Ƙyalle biyu inci 9 da inci 6 na manya, na yara 7 da 5, tattara uku, roba inci 7 kowane gefe. Ku wanke atamfar ku goge kafin ku yanka, na farko da nayi ban wanke ba ana wanki ɗaya ya tsuke ya karkace. Kuma ku nemi mai auduga sosai, mai santsin nan zafi take ga azumi ga zafin Kano. In na gama sai in sa a fuska in hura ashana, in ta mutu na san ƙyallen yayi shara-shara in ƙara ninki.

Maigida ne mai yanka min, kunsan mutumin Kwari, ko tef baya ɗauka yake gane inci tara, sai ya tsaga da almakashi kaɗan ya ja yadin ya tafi a miƙe. Da can asuba yake fita sai magariba, ban taɓa ganinsa zaune a tabarma yara na hawa bayansa da rana tsaka ba sai bana. Na san abin na damunsa, kasuwa a rufe ga Sallah na zuwa lokacin da suke ciniki, amma in yana yankan nan sai inga fuskarsa ta saki. Babbar 'yata ita ke juya ƙyallen ta fito da kusurwa da bayan fensir, auta kuma aikinsa tsintar zare a ƙasa yana kawo min ɗaya-ɗaya.

Roba ce ta yanke min satin jiya. Ranakun Litinin da Alhamis da ake sassautawa daga 10 zuwa 4 na abinci ne, masu kayan ɗinki ba a samunsu, sai na yanka tsohuwar rigar yara mai talewa siri-siri na ja ta ta nannaɗe, tafi robar ma laushi a kunne.

Zuwa yau na ɗinka 43. Takwas na farko tattararsu bata daidaita ba mu muke sawa a gida, sauran na raba wa maƙwabta da mai kawo mana ruwa, guda shida na ware wa Umma maigida zai miƙa mata ranar Alhamis daga bakin ƙofa.

Yanzu siket ɗin Sallah na 'yata nake son gwadawa, na yanka jiya, zif ne ban taɓa sawa ba. Wacce ta iya sa zif da keken taki don Allah ta min bayani, da ƙafar da ke jiki ake yi ko sai an canza wata?