Zaren da Ba Ya Tsinkewa

Shekara 7 ke nan ina saƙa wa mutane raket a wani filin tanis na garinmu. Injina na hannu ne, irin mai sanda da nauyin ƙarfe a jikinta: ka maƙala zare, ka saki sandar ta sauko har ta tsaya a kwance, ka matse, ka wuce rami na gaba. Sauran kayan aikin basilla ce da filaya da ɗan almakashin yanka waya. Raket ɗaya yana cin zare mita 12, kuma ina gama shi cikin minti 40 idan babu mai ja na da hira. Dattijon da ya koya mini aikin, cikin wata biyu ya sakar mini inji. Sanin wane zare ya dace da wane mutum kuwa, wannan ya ɗauke ni shekaru, kuma a hannun wani Alhaji na koye shi, ta hanyar da har yau nake jin nauyinta a raina.

Alhajin tsohon ma'aikaci ne, ya haura 60, yana zuwa sau uku a mako bayan La'asar su buga na mutum biyu-biyu da abokansa. Bugunsa gajere ne, a miƙe yake tura ƙwallo, ba ya murza ta. Zaren nailan yake sawa, irin mai araha, kuma yakan kai shi wata huɗu kafin ya tsinke. Wata rana ya miƙo mini raket ya ce, "Ɗana, na gaji da sayen zare. Kullum dala ta tashi, kuɗinsa ya tashi. Sa mini wanda ba ya tsinkewa."

Na ce, "An gama, Alhaji." Na ɗauko foliyesta, wani irin zare mai tauri, mai kaurin milimita 1.30, na ja shi kilo 26, domin abin da aka rubuta a wuyan raket ɗin 23 zuwa 27 ne, ni kuma a lokacin gani nake yi ɗauri mai ƙarfi shi ne aiki mai kyau. Zaren bai tsinke ba. Wata uku, wata biyar, wata bakwai, Alhaji yana ta yaba ni a gaban mutane. Sai ya fara zuwa da bandeji a gwiwar hannu. Daga nan ya rage zuwa, sannan ya daina. Da na je gaishe shi a gida, na ga da hannun hagu yake ɗaukar buta, ya ce na dama ko kofin shayi ya ɗaga sai ya ji zafi ya tsirga masa ta wajen gwiwa. Likita ya ce jijiyar wurin ce ta ƙwaru, ya hana shi wasa har sai ta huce.

Raket ɗin yana jingine a bayan ƙofa. Na ɗauka na buga shi a tafin hannuna, yadda muke yi mu saurari sauti kamar mai gwada tsirkiyar garaya. Sabon ɗauri yana da amo. Wannan kuwa ƙaf ya ce, kamar an bugi katako. Na sa yatsa na ja zaren tsaye ɗaya gefe, ya tsaya inda na kai shi, bai koma ba. Inda na tsaye da na kwance suka haɗu duk sun ci juna sun yi rami. Ba na cewa zaren kaɗai ya ja masa ciwon. Akwai shekaru, akwai yadda yake bugun bayan hannu da wuyan hannu. Amma wata da watanni yana buga ƙwallo da abin da ba ya shanye komai, duk girgizar tana wucewa cikin hannunsa, kuma ni na saka masa shi.

Abin da ban fahimta ba a da shi ne ƙarko iri biyu ne. Akwai daɗewar zare bai tsinke ba, akwai kuma daɗewarsa yana aiki. Foliyesta gwani ne a na farko, rago ne a na biyu. Tun daga daren da aka saƙa shi yake fara saki, kuma a abin da na gani, bayan awa 15 zuwa 20 na wasa taushin da yake da shi, wanda dama kaɗan ne, ya tafi. A ido lafiyarsa ƙalau. Wannan lafiyar ta ido ita ce take cutar da mutanenmu, domin wa zai yanke zaren da ya saya da tsada alhali bai tsinke ba?

Foliyesta an yi shi ne don wani irin hannu dabam. Duniya ta san shi a 1997, lokacin da Gustavo Kuerten, ɗan Brazil da yake na 66 a jerin 'yan wasa, ya ci gasar Roland Garros a Faris da zaren wani kamfanin Beljiyam mai suna Luxilon. Daga nan manyan 'yan wasa suka bi, wasan ma ya canza kama. Na daɗe ina zaton kaushin zare ne yake kama ƙwallo ya juya ta, shi ya sa nake tallata wa yara zare mai kusurwa-kusurwa. Kusurwar tana taimakawa, amma babban aikin santsi ne yake yin sa. Idan ɗan wasa ya shafo ƙwallo daga ƙasa zuwa sama da sauri, zaren tsaye yana zamewa gefe a kan na kwance, sannan ya dawo wurinsa da ƙarfi tun ƙwallon ba ta rabu da raket ba. Duk wannan cikin kamar kashi 4 ko 5 cikin dubu na daƙiƙa. Dawowar nan ce take ƙara wa ƙwallo juyi, ta tashi sama da raga sannan ta dulmiya cikin fili. Nailan yana zamewa ya maƙale, shi ya sa kake ganin masu shi suna gyara zare da yatsa bayan kowane maki. Foliyesta sabo da kansa yake komawa.

Tun kafin foliyesta ma an taɓa ganin ƙarfin wannan zamewa. A shekarun 1970 wani Bajamushe, Werner Fischer, ya fito da wata saƙa wadda na tsaye da na kwance ba sa shiga juna, zaren yana yawo yadda ya so. Da ita, a 1977, ɗan wasa Ilie Nastase ya tsinke wa Guillermo Vilas dogon jerin nasarorinsa a garin Aix-en-Provence na Faransa, kuma ba a jima ba hukumar tanis ta duniya ta haramta ta.

To amma sharaɗin shi ne saurin hannu. Wanda ba ya kaɗa raket da ƙarfin da zai motsa zaren, babu juyin da zai samu, taurin kawai zai kwasa. Yara suna zuwa mini su ce in sa musu irin na shahararren ɗan wasan nan Rafael Nadal, wato RPM Blast na kamfanin Babolat, wanda ya riƙa ja kilo 25 kafin ya yi ritaya a 2024. Nakan ce musu, mutumin nan da ya ci Roland Garros sau 14, lokacin da yake wasa, yana shiga fili ne da raket da yawa a jaka, kowanne sabon ɗauri, kuma bayan wasa yanke su ake yi. Talabijin tana nuna maka zaren, ba ta nuna maka almakashin.

Da Alhaji ya warke, bayan kusan wata huɗu, na roƙe shi ya bar ni in sake masa ba tare da ya biya ba. Na sa masa zaren nan da ake haɗa siraran sililin nailan ɗaruruwa a manne su wuri ɗaya, na ja kilo 23. Irin wannan zaren yana lotsawa idan ƙwallo ta faɗa masa, ya mayar da ita da kansa, don haka mai gajeren bugu ba sai ya yi ta kokawa ba kafin ƙwallonsa ta kai ƙarshen fili. Bayan wata biyu ya dawo yana nuna mini tsakiyar raket, zaren ya fara fitar da gashi-gashi. Ya ce, "Ka gani ko? Wannan ba zai kai Sallah ba." Na ce, "Alhaji, gara wanda zai faɗa mana ya gaji." Ya yi shiru, sannan ya ce hannun dai bai sake damunsa ba.

Da da hali, zaren hanji zan sa masa. Shi ne asali, kamfanin Babolat na birnin Lyon yana yin sa tun 1875, kuma yanzu daga hanjin shanu ake sarrafa shi. Babu zaren da ya kai shi taushi ko riƙe ɗauri. Har ranar da zai tsinke yana da amo. Sau uku kacal na taɓa saƙa shi, hannuna yana rawa don kada in lanƙwasa shi ya karye. Kuɗinsa ya ninka na sauran, kuma ba ya shiri da laima, ga shi mu da damina a jiƙaƙƙen fili ake wasa.

Akwai kuma wanda foliyesta nasa ne. Wani yaro ɗan shekara 16, da tsintar ƙwallo ya fara, yanzu yana murza ta yadda take tashi har kafaɗar abokin wasansa. Nailan ba ya yi masa kwana huɗu. Raket ɗinsa mai zare 16 a tsaye 19 a kwance ne, idanunsa manya, wanda yake ba da juyi amma yake cin zare fiye da mai 18 da 20. Kuɗin da yake samu a fili kusan duk a kan zare yake ƙarewa. Shi na sa masa foliyesta ba tare da fargaba ba, amma na sauke ɗaurin zuwa kilo 22, tunda masu yin zaren da kansu suna ba da shawarar a rage masa kamar kashi 10 cikin 100 daga yadda ake jan nailan. Da farko na gwada masa siriri, 1.25, wanda a kwali ake rubuta masa lamba 17. A lissafin nan lamba tana hawa, zare yana sirancewa. Ya ji daɗinsa ƙwarai, ya tsinke cikin kwana goma. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Muka koma 1.30, mai lamba 16, ya kai shi mako uku, kuma mako ukun nan daidai yake da ran zaren, yana tsinkewa ne kafin ya mutu. Da wuyan hannunsa ya fara ƙorafi lokacin da ya ƙara awannin horo, sai na raba masa: foliyesta a tsaye, nailan a kwance. Shahararren ɗan wasa Roger Federer ma, kafin ya yi ritaya a 2022, haɗi yake yi, sai dai nasa hanji ne a tsaye, Luxilon a kwance. Zaren tsaye shi ne yake ɗaukar mafi yawan aiki, halinsa ne kake ji a hannu.

Ƙananan yara, 'yan 10 zuwa 12, ko iyayensu sun nace ba na sa musu foliyesta. Na taɓa rasa ciniki a kan wannan, kuma ban yi nadama ba.

Maganar kilo kuwa, na daina ɗaukar abin da aka rubuta a wuyan raket kamar doka. Sassauci yana ba da ƙarfi da sauƙi ga hannu, ɗauri yana taƙaita nisan ƙwallo ga mai bugu da ƙarfi. A zamaninsa, ɗan wasa Bjorn Borg yana jan nasa sama da kilo 35 a raket na katako, Adrian Mannarino na Faransa kuwa nasa bai kai 15 ba, kuma dukansu sun ci kofuna. Ga namu yanayin ma. Wanda ya bar raket a but ɗin mota da zafin Afrilu, rana ɗaya ta isa ta saki ɗaurin da na ɓata minti 40 ina yi. Da hunturu kuma, da sanyin safiya, zare ya fi tauri, ƙura tana shiga mahaɗarsa tana goga shi kamar yashi.

Yanzu idan aka kawo mini raket, ba na saurin yankewa. Ina duba inda ya tsinke: idan a tsakiya ne, cin zare ne na gaskiya, idan a bakin firam ne, ko dai bugun gefe ne ko robar ramin ta fashe tana yanka shi, kuma sauya irin zare ba zai magance wannan ba. Ina tambaya sau nawa mutum yake wasa, ina yake jin ciwo, in da hali in leƙa fili in ga bugunsa. Ga masu nailan akwai tsohon lissafi na masu sana'ar: sau nawa kake wasa a mako, aƙalla sau hakan za ka sake zare a shekara. Na sayi littafi mai layi, kowa da shafinsa, kwanan wata da irin zare da kilo.

Ranar Asabar da ta wuce Alhaji ya tsaya a bakin rumfata kafin ya shiga fili. Zaren bai tsinke ba, gashin dai ya yi yawa. Ya ce, "Ɗana, duba littafinka, lokaci ya yi?" Na buɗe shafinsa, wata huɗu har da kwana shida. Na ara masa nawa ya buga na ranar, na ɗora nasa a inji, na fara yankewa daga tsakiya zuwa gefe don kada firam ya karkace.