Na'urar hannu ba ta ganin cikin kwakwa

Har yau raina yana ɓaci idan na ji an ce wai an auna tsibiri an same shi lafiya, alhali abin da aka yi bai wuce zagaye da na'urar hannu ta awon tururin nukiliya ba. Aikin da ya kai mu Bikini, a tsibiran Mashal na Tekun Fasifik, shi ne auna ragowar tururin nukiliya. Bama-bamai 23 Amurka ta tayar a wurin daga 1946 zuwa 1958, ciki har da Bravo na 1 ga Maris 1954, mai ƙarfin megatan 15.

Awon sarari bai ba mu wahala ba. A bakin teku lambar a kwance take, ka kutsa tsakiyar tsibirin cikin layukan bishiyoyi ta ɗaga. Dama mun sa ran haka.

Kwakwar ce ta tayar min da hankali. Mun fasa ta, ruwanta garau, cikinta fari tas, ga ƙishirwa tana cin mu. Muka juye a robobi muka liƙe. Da samfurin ya shiga na'urar ɗakin gwaji, sai ga layin siziyom-137, sinadarin mai fitar da tururi da bama-baman suka bari, ya miƙe a allon kwamfuta, daidai kan 662 keV, lambar ƙarfin tururin da ake gane shi da ita. Na san dalilin a takarda, amma gani ya kori ji. Ƙasar murjani ba ta da isasshen fotashiyam, saiwa kuwa ba ta bambance shi da siziyom, sai bishiya ta zuƙe gubar ta tura cikin 'ya'yanta. Kaguwar da ke cin kwakwar ita ma ta kwasa.

Abin da ya ci mutanen Bikini ke nan. An kwashe su su 167 a 1946, aka yi ta yawo da su har aka ajiye su a tsibirin Kili. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sanar cewa za su iya komawa gida. Wasu iyalai suka koma, suka ci abin da ƙasarsu ta ba su, sai awon jikinsu ya nuna siziyom ya taru, aka sake kwashe su a 1978. Wace irin hijira ce wannan, har sau biyu!

Don haka duk wanda zai yi wannan aiki, ya ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban a gindin bishiyar da ya tsinki 'ya'yanta, domin lambobin biyu su yi magana da juna. Ya zauna da matan gari ya ji abin da ake ci da gaske ranar da jirgin abinci ya yi jinkiri. Lissafin da aka gina kan shinkafa da gwangwani na banza ne idan yaro yana shan ruwan kwakwa kullum. Kada kuma ya gauraya lambar bakin teku da ta tsakiya ya fitar da matsakaici, don a tsakiyar ne ake shuka.

Ko awon sararin ma bai wanke Bikini ba: masu bincike na Jami'ar Kolombiya sun samu milirem (ma'aunin tururin da ke shiga jikin mutum) 184 a shekara a 2016, sama da 100 da Amurka da Mashal suka amince da shi. Gwaje-gwajen ɗakin binciken Lawrence Livermore sun nuna takin fotash, mai ɗauke da fotashiyam, yana rage siziyom cikin kwakwa ƙwarai, sai dai gubar tana nan cikin ƙasa, kuma sai ta yi kusan shekara 30 kafin rabinta ya ƙare.