Yadda muka gyara netwok ɗin wurin aikinmu a Jos

Wurin da muke aiki tsohon sito ne a gefen titin Bauchi, doguwar rumfar bulo mai rufin kwano, an yayyanka ta da bango zuwa ɗakuna. Mu biyar muka haɗu muka kama haya: ni da nake gyaran waya da kwamfuta, da mai buga banna da katin biki, da Hajiya mai keken surfani na kwamfuta, da kafinta, sai Baba mai walda da yake can baya a tsakar gida. Kowa da yaransa. Kuɗin haya da man janareto da data duk karo-karo muke yi, shi ya sa idan intanet ya ƙi aiki kowa yake jin an ci kuɗinsa. Tunda kuma ni ne mai taɓa kwamfuta, ƙofata ake bugawa.

Mun ɗauki watanni muna ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa. Muka canza layi, muka sake canzawa. Mai banna har ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, wai shi ne maganin komai. Kafin a kai ga haka, wata ranar Lahadi da babu kowa na zo na jona kwamfutata da kebul kai tsaye a jikin rawutar, wato na'urar da ke karɓo intanet ta raba mana. Gudun da na gani ya ishe mu har da ragi. Na cire kebul ɗin, na ɗauki waya ina tafiya ɗaki ɗaki, sabis yana zubewa kamar ruwa a kwando. Kafin na isa wurin Hajiya ya mutu. Ashe intanet yana zuwa har ƙofarmu, a cikin gida ne yake ɓacewa.

Dalilin farko abin dariya ne. Saboda tsoron sata da ƙurar hunturu, mun kulle rawutar a cikin kabad na ƙarfe, a ƙasa, a lungun ɗakina. Ƙarfe yana mayar da siginar Wi-Fi baya, bulo yana shanye ta, ga tarin rodi da faifan kwano da Baba ya jingine a bango. Da hannunmu muka toshe wa na'urar baki, muna zagin ta ba ta magana.

Na fara da gajeriyar hanya, na sayo ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket ta kamo Wi-Fi ta sake watsawa. Sandunan sabis suka cika a wayar kowa, aka yi ta sa mini albarka, amma fayil ɗin banna bai daina maƙalewa ba. Irin wannan na'ura da rediyo ɗaya take karɓa kuma take aikawa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi, kuma abin da ta kamo tun farko mai rauni ne. Cikar sanduna tana nuna kusancinka da na'urar ne kawai. Kuɗin nan har yau ina jin zafinsu.

Daga nan na yanke ƙa'ida guda: duk abin da ba ya motsi, kebul za a ja masa. Kwamfutar zane, babbar firinta, kwamfutar da Hajiya ke tura zanen surfani da ita, duk suka sauka daga Wi-Fi. Iska ta zama ta wayoyi da kwamfutocin hannu kaɗai. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar megabit 1000 har tsawon mita 100, sitonmu kuwa bai kai rabin haka ba. Na sayi suwic, akwatin da ake soke kebul ɗin duka a jikinsa su haɗu, mai ƙofa 8 wanda ke ba da wuta ta cikin kebul, abin da ake kira PoE, na kafa shi a kan katako sama da kai, kafinta ya yi masa akwati mai ramukan shan iska.

A wajen sayen kebul ne aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Na zaga shagunan da ke kusa da kasuwar Terminus, na samu kwali mai araha, an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro a jiki. Da na zo ina fere shi sai na ji yana karyewa da wuri. Na kankare silin ɗaya da reza, jan ya tafi, fari ya bayyana: alminiyom ne aka yi wa shafen jan ƙarfe. Irin wannan ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, yana ɗumi idan aka ɗora masa PoE, kuma kansa yana saurin sakewa. Na koma da shi, mai shagon ya ce, "Oga, ai kai ka ce mai sauƙi kake so." Gaskiyarsa. Yanzu ba na biyan kuɗin kebul sai na kankare bakinsa a gaban mai shago, na kuma ɗaga kwalin na ji nauyi, don na gaske ya fi nauyi sosai.

Matse kan kebul kuwa sai da na ɓata kawuna da yawa kafin hannuna ya faɗa. Sili takwas ne a ciki, a murɗe biyu biyu, kuma jerin da na bi a kowane ɓangare shi ne wanda ake kira T568B: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ruwan-ƙasa, ruwan ƙasa. Abin da ya wahalar da ni shi ne kebul ɗin mai banna. Yana aiki, fitila tana kamawa, amma kwamfuta tana nuna 100 maimakon 1000. Gudun 100 sili huɗu kawai yake buƙata, na lemo da na kore, shi kuwa 1000 sai duka takwas. Sili ɗaya mai ruwan ƙasa ne bai shiga ba, sai na'urorin suka sauko ƙasa shiru ba tare da sun yi ƙorafi ba. Ɗan abin gwada kebul mai fitilu takwas ne ya nuna mini a cikin daƙiƙa kaɗan abin da na kwana biyu ina nema. Duk kebul ɗin na zura su a fayif na roba saboda ɓera, na raba hanyarsu da wayar wutar injin walda, na kuma manna wa kowane lamba a kai da gindi.

Ga Wi-Fi, na'urorin watsawa biyu na saka, kowace da kebul ɗinta daga suwic, a maƙale a sama inda ba abin da ya tare su: ɗaya a tsakiyar zaure, ɗaya a bakin tagar da ke kallon tsakar gida. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya na ba su, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Wi-Fi ɗin yana tafiya ne a zango biyu na rediyo, 2.4 GHz da 5 GHz. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, sai na duba da manhajar waya inda maƙwabta suka taru, na raba nawa a sauran biyun. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma bango yana karya shi da wuri, shi ya sa na'ura biyu masu matsakaicin ƙarfi suka fi mana guda ɗaya mai ihu. Wi-Fi ɗin rawutar kanta na kashe shi, na fito da ita daga kabad na kai ta kusa da taga.

Sai maganar wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, kafin a tayar da janareto rawuta ta mutu, kuma tana ɗaukar mintuna kafin ta dawo hayyacinta. Rabin abin da muke kira "netwok ya tafi" wannan ne. Na ɗora rawuta da suwic a kan ƙaramar inbata da batir. Tunda na'urorin watsawa daga suwic suke shan wuta, wuri ɗaya na tallafa ya riƙe duka.

Damina ta koya mini nata darasin. Da farko na ja kebul ta waje zuwa rumfar Baba, a kan katanga. Wanda ya san ruwan Jos ya san tsawarsa. Dare ɗaya aka yi ta, da safe ƙofar suwic ɗin da kebul ɗin ke ciki ta ƙone, Allah ya taƙaita sauran suka tsira. Jan ƙarfe tsakanin gini biyu hanya ce ga tsawa, ko da ba a kanka ta faɗo ba. Kebul na gilashi, wato faiba, ba ya ɗaukar lantarki, shi ne daidai a irin wannan wuri, amma Baba WhatsApp kawai yake buɗewa ya ga hoton ƙofar da ake so ya ƙera. Na'urar bakin taga ta wadatar da shi, na naɗe kebul ɗin.

Mafi wuyar duka mutane ne. Kalmar sirrinmu ta zaga layin gaba ɗaya, har mai shayi yana kallon ƙwallo da datarmu. Na buɗe netwok na biyu don baƙi da yara, na ƙayyade masa gudu, na hana shi ganin firinta da kwamfutocin aiki. Na aikin kuwa mu biyar ne kawai muka sani, ni nake shigar da shi da hannuna. Hajiya ta ce, "Ɗana, yaran nan za su ce ka yi rowa." Na ce, "Hajiya, su faɗa, in dai zanenki zai tafi."

Wata safiya kuma komai ya tsaya cik, fitilun suwic duk suna ƙiftawa tare kamar an kunna su da gangan. Na kashe na kunna, na zargi batir, na zargi tsawa. Can na lura da wani gajeren kebul da kansa biyu duk suke cikin suwic ɗin. Yaron kafinta ne ya gan shi yana lilo lokacin shara, ya ga bai dace a bar shi haka ba, ya soke shi a ƙofar da ba kowa. Saƙonni suka yi ta zagaye a wuri ɗaya har suka cushe hanya. Ina zare shi komai ya dawo. Ban yi masa faɗa ba, don gyara ya yi niyya. Na toshe ƙofofin da ba a amfani da su da salatif, na zana taswirar kebul ɗin a kwali na manna a cikin murfin akwatin, kafinta ya sa masa kwaɗo. Makulli ɗaya yana wurina, ɗaya wurin Hajiya, don ita ce take riga kowa zuwa.