Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwan Alau

Makon jiya na yi alkawarin labarin auren Yaya, amma a yi min afuwa, maganar ruwa ce ta tsaya min a rai.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son tashinmu daga unguwar Hausari zuwa Gwange a Maiduguri ba. Cewa yake, "Kogin Ngadda ba ya mance makwancinsa." Ya ga abin da ruwan madatsar Alau ya yi wa gari a 1994. Kawu ne ya dage, wai fili da araha a bakin kogi, kuma shi ya karɓi la'ada.

Da ma tun 1907 da Shehu Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa, wato Maiduguri, kowa da inda ya sauka. Shehuri na jikin fada, Hausari tamu ce ta fatake, Turawa can gefe abinsu. Masu zuwa daga baya, da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga ƙauyuka, su aka bar wa kwari.

Daren 10 ga Satumban 2024 madatsar ta ɓalle. Ihun maƙwabta ne ya tashe mu. Kafin na goya Inna ruwa ya kai min ƙirji, ga duhu, ga jita-jitar kadoji da macizai sun fito daga gidan zoo, wadda daga baya ta tabbata. Inna ba ta daina salati ba, ta ƙanƙame ƙullin takardun gidan a kanta. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga Monday Market da ba ta gama farfaɗowa daga gobarar 2023 ba. Gadar Fori ta karye. A sansanin Bakassi muka kwana, inda a da mu ne masu kai wa 'yan gudun hijira sadaka.

Ngadda bai mance ba, Baba.

Da muka koma, laka ta kai bakin taga, buhun geronmu har ya tsiro. Maƙwabtanmu Barebari da Shuwa ne suka shigo da shebur aka yi gayya, yau gidanmu gobe nasu. Wannan ba zan manta ba har kabarina. Haka ma ba zan manta mai rubuta sunayen tallafi na layinmu ba, da ya sa 'yan uwansa na kan tudu, waɗanda ko zaurensu bai jiƙe ba, ya tsallake gwauruwar da katangarta ta faɗi. Allah na gani.

Kawu kuwa har yau bai tako ya yi wa Inna jaje ba. Saƙo ya aiko, wai ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma Baba ya faɗa a gabansa, a zaure, ranar da aka ƙirga kuɗin filin.

Ɗaki biyu muka tayar da bulon siminti, na ukun yana nan a rushe. Damina na ƙaratowa 'ya'yana ke fara tambaya ko an gama gyaran Alau.